Darasin Kimiyya: Hawan Dakali da Nauyin da Gwiwa ke Ɗauka

Erobik shi ne duk wani motsa jiki da mutum zai iya ci gaba da yi na mintuna masu yawa ba tare da tsayawa ba, numfashinsa ya ƙaru, bugun zuciyarsa ya hau, tsokokinsa kuma suna samun kuzari ta hanyar ƙona abinci da iskar oksijin. Tafiya da sauri, sassarfa, tuƙa keke da iyo duk suna cikin wannan rukuni. Wanda za mu duba a yau shi ne erobik na hawan dakali. Ana ajiye ɗan dakalin roba a ƙasa, mutum ya riƙa hawa yana sauka bisa bugun kiɗa, galibi cikin jama'a, mai koyarwa na gaba yana nuna taku. Dakalin da aka saba gani tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya, tudunsa santimita 10, kuma ana sa masa ƙafafu a ƙarƙashi, kowane jeri yana ƙara santimita 5, har ya kai 15, 20 ko 25.

Tun a 1943 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka, ƙarƙashin Lucien Brouha, suka fito da gwajin ƙarfin zuciya da ake yi da dakali mai tudun kusan santimita 51, ana hawa sau 30 a minti har minti biyar. Wannan gwaji ne kawai, ba atisayen yau da kullum ba. Wadda ta mayar da abin atisaye ita ce Gin Miller, mai koyar da motsa jiki a yankin Atlanta na jihar Jojiya. Ta ji ciwo a gwiwa, aka ba ta shawarar ta riƙa hawa da sauka a kan ɗan akwati domin cinyarta ta dawo da ƙarfi, ita kuma ta haɗa hawan da kiɗa. A 1989 kamfanin Reebok ya rungumi tsarin ya yaɗa shi a duniya. To ga abin tambaya: atisayen da ya samo asali daga jinyar gwiwa, me ya sa wasu masu yin sa suke kuka da gwiwa? Amsar tana cikin yadda ake taka dakalin, amma ba za mu gane ta ba sai mun fara sanin ita gwiwar.

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi biyu ko fiye. A gwiwa ƙasusuwa uku ne suka haɗu: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, da ƙoƙon gwiwa daga gaba. Bakin kowane ƙashi an lulluɓe shi da guringuntsi mai santsi, sannan akwai wani ruwa mai yauƙi, ruwan gaɓa, da ke hana su gogar juna. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda za mu kira matasan gwiwa, aikinsu su baza nauyi kada ya taru wuri ɗaya. Jijiyoyin da suka shafe mu iri biyu ne. Jijiyar ɗauri tana haɗa ƙashi da ƙashi, kuma manyansu huɗu ne a gwiwa, biyu a gefe da gefe, biyu sun giciye juna a ciki. Jijiyar tsoka kuwa tana haɗa tsoka da ƙashi. Babbar tsokar gaban cinya, mai kai huɗu, jijiyarta ta rungumi ƙoƙon gwiwa sannan ta zarce ta kama ƙashin ƙwauri. Idan wannan tsoka ta ja, gwiwa ta miƙe.

Akwai halin guringuntsi da ya kamata a riƙe da kyau. Ba shi da hanyoyin jini, ba shi kuma da jijiyoyin jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu: idan an danna shi ruwa ya fita, idan an sassauta ruwa ya koma da abinci. Saboda haka motsi da nauyi daidai gwargwado ba abokan gabar gaɓa ba ne, su ke ciyar da ita, kuma gwiwar da aka bari ba motsi ita ma lalacewa take yi. Sai dai rashin jini na sa guringuntsi jinkirin warkewa, rashin jin zafi kuma na sa ya fara lalacewa mai shi bai sani ba, har sai abin ya taɓa ƙashin da ke ƙarƙashinsa ko naman da ke kewaye.

Yanzu sai maganar ƙarfi. A kimiyya ƙarfi shi ne turi ko ja, kuma ma'auninsa niyuton, sunan da aka ɗauko daga Isaac Newton na Ingila. Duniya tana jan kowane kilo ɗaya da niyuton 9.8, don haka mutum mai kilo 70 nauyinsa ya kusa niyuton 700. Da wannan mutum za mu yi duk lissafinmu. Doka ta uku cikin dokokin motsi da Newton ya wallafa a 1687 ta nuna cewa idan abu ya tura wani, wancan ma yana tura shi da ƙarfi daidai. Ƙafa ta danna ƙasa, ƙasa ta danna ƙafa. Wannan shi ne martanin ƙasa. Idan kana tsaye cik, martanin daidai yake da nauyinka. A tafiya yana ɗan ɗara nauyin jiki, a gudu yana kaiwa ninki biyu zuwa uku. Hawan dakali na natsuwa yana tsakanin biyun, ya fi kusa da tafiya. Da zarar an sa tsalle a ciki, ya doshi na gudu.

Me ke sa nauyin mutum ɗaya ya ninka alhali bai ƙara ko giram ɗaya ba? Lokaci ne. Jikin da ke gangarowa ƙasa yana da sauri, kuma dole a tsayar da shi. Gwargwadon gajartar lokacin da aka tsayar da shi, gwargwadon girman ƙarfin da ake buƙata. Dubi leburan gini da ake jefo wa tubali: ba ya kafe hannuwansa, yana barin su su bi tubalin kaɗan kafin ya tsayar da shi, domin ya san kafaffen hannu shi ke shan duka. Mu sa lamba a kai. Da mutumin nan namu zai saki jiki gaba ɗaya daga dakali mai santimita 20, zai iso ƙasa da saurin kusan mita 2 a daƙiƙa. Kilo 70 sau 2 ya ba mu 140. Idan ya dira da ƙafa a sandare, jikin ya tsaya cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, sai mu raba 140 da 0.05, mu sami niyuton 2,800 a kan nauyinsa na asali. Idan ya sauka da gaban tafin ƙafa, ya bar diddige ya biyo a hankali, gwiwa da ƙugu suka ɗan lanƙwashe, tsayawar ta ɗauki kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, sai mu raba 140 da 0.2, mu sami 700 kacal. Mutum ɗaya, dakali ɗaya, amma bugun ya ragu sau huɗu. Mai kyakkyawan salo ma ba ya sakin jiki tun farko, ƙafar da ke kan dakali ce ke sauke shi, saboda haka ba ya kaiwa wannan sauri. Kunne shi ne ma'auni mafi arha a nan: takun da ake jin dif-dif ɗinsa daga nesa, gaɓoɓi ne ke biyan kuɗinsa.

Martanin ƙasa ƙarfi ne daga waje. Wanda ke cikin gaɓa ya fi shi girma, domin tsokoki ma suna matse ƙasusuwa da juna yayin da suke ja. A asibitin Charité na Berlin, a Jamus, an sa wa marasa lafiya gwiwar roba mai ɗauke da na'urar awo, aka auna ƙarfin daga ciki. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa a tafiya kan miƙaƙƙiyar ƙasa gwiwa na ɗaukar kimanin ninki 2.6 na nauyin jiki, a hawan matakala kimanin 3.2, a saukowa kuma kusan 3.5. A lura da jerin. Mutane suna ganin hawa ne wahala saboda shi ke sa haki, amma saukowa ta fi nauyi a kan gaɓa.

Domin mu gane daga ina wannan ƙari yake fitowa, muna buƙatar abin da ake kira ƙarfin juyi. Ƙarfi ba turi kawai yake yi ba, yana iya juya abu a kan mahaɗarsa, kuma girman juyin shi ne ƙarfin sau nisansa daga mahaɗar. Tashi ka gwada. Tsaya a miƙe ka dafa gaban cinyarka, za ka ji ta a sake, domin nauyinka na bi ta tsakiyar gwiwa, nisan kusan sifili ne. Durƙusa kaɗan, ka ji ta yi tauri. Ƙara durƙusawa, ta ƙara tauri. Abin da ya faru shi ne gangar jikinka ta koma bayan gwiwa, nauyinka yana neman naɗe ta, tsokar kuma tana hana shi. Matsalar ita ce jijiyar wannan tsoka tana wucewa kusa da tsakiyar gaɓar, santimita 4 zuwa 5 kawai. Mu ɗauki 5. Idan layin nauyi yana santimita 10 a bayan gwiwa, nisansa ya ninka na jijiyar sau biyu, don haka tsokar sai ta ja da ninki biyu na niyuton 700, wato 1,400. Idan nisan ya zama santimita 15, jan ya koma 2,100. Ƙarin santimita 5 kawai ya ɗora wa tsokar cikakken nauyin wani mutum.

Duk wannan ja ta kan ƙoƙon gwiwa yake bi. Idan ƙafa a miƙe take, tsoka na jan ƙoƙon sama, jijiya na jan shi ƙasa, shi kuma yana zaune a tsakiya ba matsi sosai. Idan gwiwa ta lanƙwashe, jan biyun suna karkata baya, sai su haɗu su danna ƙoƙon cikin kwarin da ke bakin ƙashin cinya. Ana auna lanƙwasa da digiri: miƙaƙƙiyar ƙafa sifili, zaman kujera 90. Lissafin da masana Reilly da Martens suka wallafa a 1972 ya nuna cewa dannar da ke bayan ƙoƙon gwiwa kusan rabin nauyin jiki ce a tafiya, ta haura ninki uku a matakala, ta wuce ninki bakwai a tsugunno mai zurfi. Ba mamaki guringuntsin bayan ƙoƙon ya fi kowanne kauri a jikin ɗan Adam. Daga nan ƙa'idar tudun dakali ta fito: idan ka ɗora ƙafa a kai, kada gwiwa ta wuce digiri 90, kuma mafi kyau ta tsaya wajen 60. Ƙa'idar ta kusurwa ce, ba ta santimita ba. Dakalin da dogo zai taka gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe, gajere zai taka shi gwiwarsa ta kusa ƙirji. Ajin da aka jera wa kowa dakali mai tudu ɗaya, a ganina, an duba kyan layi ne ba a duba ƙafafun mutane ba.

Mu bi taku mafi sauƙi mu ga yadda ƙafafu ke raba aiki. Bugu huɗu ne: dama ta hau, hagu ta hau, dama ta sauka, hagu ta sauka. A bugu na farko cinyar dama ce ke ɗaga jiki duka, tsokarta na gajarcewa. A bugu na uku dama ce ke tafiya ƙasa, amma cinyar hagu ce ke riƙe da jiki tana sauke shi, tsokarta na miƙewa alhali tana ja. Wannan aikin birki ne, kuma shi ya fi haddasa ciwon tsoka da ke tasowa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ita kuma ƙafar dama ita ke karɓar bugun ƙasa. Ke nan dama na ɗagawa da karɓar bugu, hagu na birki. Wanda ya shafe minti ashirin yana farawa da dama ya ba kowace ƙafa aiki iri ɗaya ba hutu. Shi ya sa ƙa'idojin atisayen suka ce a sauya ƙafar da ke jagora bayan kamar minti ɗaya, kuma takun da ake maimaitawa a kan ƙafa ɗaya kada ya wuce sau biyar a jere.

Gwiwa an gina ta ne domin lanƙwasa da miƙewa. Tana iya ɗan murɗawa, amma ba da nauyin jiki a kanta ba. Idan mutum ya kafa ƙafa a kan dakalin roba, takalmi ya kama, sannan ya juya gangar jikinsa, ƙashin cinya yana juyawa a kan na ƙwauri da ya kafe, matasan gwiwa na tsakiya ana matsa su ana murɗa su lokaci guda. Ta haka suke yagewa. Mai son juyawa ya ɗaga ƙafar ya ajiye ta tana kallon inda ya nufa kafin ya ɗora nauyi. Kuskure na biyu ya fi ɓuya: gwiwa ta faɗa ciki, ta nufi ɗayar ƙafar, yayin hawa ko sauka. Wannan na jan ƙoƙon gwiwa ya goga gefen waje na kwarinsa, yana kuma ɗame jijiyoyin ɗauri. Sau da yawa laifin ba na gwiwar ba ne, tsokokin gefen ɗuwawu ne ba su da ƙarfin riƙe ƙashin cinya. Ka tsaya gaban madubi ka hau: ƙoƙon gwiwa ya kalli inda yatsa na biyu ke kallo.

Ƙafa tana da ƙashi 26, kuma abubuwa biyu ne a cikinta suka fi shan wahalar dakali: agara, wato kakkaurar jijiyar da ke haɗa tsokar sha-raɓa da diddige, da faffaɗar jijiyar tafin ƙafa da ta taso daga diddige zuwa yatsu. Idan aka taka dakali da rabin ƙafa, diddige na lilo a waje, agara ce ke riƙe da nauyin a miƙe, ga kuma haɗarin zamewa da targaɗe. Idan aka sauka nesa da dakalin, mutum kan sunkuya gaba, diddige kuma sai an tilasta shi kafin ya taɓa ƙasa, nan ma agarar ce ke ɗamewa. Wanda kuma ya ƙi sauke diddige sam, yana ta rawa a kan yatsu, ya bar sha-raɓa da tafin ƙafa ba hutu. Gyaran ɗaya ne: tafin ƙafa duka a tsakiyar dakali, sauka kuma kada ta wuce tsawon takalmi ɗaya daga bakinsa, diddige ya taɓa ƙasa. Game da baya, a karkata gaba kaɗan da dukan jiki tun daga idon sawu, kada a lanƙwashe daga ƙugu, domin sunkuyo na ɗora wa kwankwaso irin ƙarfin juyin da muka lissafa a gwiwa.

Wani zai ce kuskuren santimita biyar ai ba wani abu ba ne. Sau ɗaya, gaskiya ne. Amma mu ƙirga. Kiɗa mai bugu 120 a minti na nufin hawa da sauka 30 a minti, wato 900 a rabin awa, ƙafa kuma ta taɓa dakali ko ƙasa sau 3,600. A kan dakali mai santimita 20, mutum ya ɗaga jikinsa mita 180 ya kuma sauke shi mita 180. Wanda ke yi sau uku a mako ya haura taku dubu goma. Raunin wannan atisaye galibi ba na faɗuwa ba ne, na yau da gobe ne: ƙananan lahani da ke taruwa da sauri fiye da yadda jiki ke gyara su. Tsoka tana ƙarfi cikin makonni, jijiya kuwa sai watanni, don haka akwai lokacin da mutum ke jin zai iya ƙari alhali jijiyoyinsa ba su shirya ba.

Saurin kiɗa na shiga nan kai tsaye. Ƙa'idojin farko na Reebok sun tsaya kan bugu 118 zuwa 122 a minti, daga baya aka yarda ƙwararru su kai 128. A bugu 120 kowane taku na da rabin daƙiƙa. Idan kiɗa ya wuce haka, lokacin sauke diddige ne ke fara ɓacewa, sai ƙafa ta daina samun tsakiyar dakali, sai mutum ya koma dira maimakon sauka. Gajiya ma haka take yi, shi ya sa mintunan ƙarshe na aji suka fi haɗari. Mai son ƙarin gumi yana da hanyar da ba ta taɓa gwiwa ba: ya ɗaga hannuwa yana motsa su. Kada ya ƙara tudu da sauri a rana ɗaya, kuma kada ya ɗaura nauyi a idon sawu.

Wanda zai yi a gida ya kula da abin da yake takawa. Dakalin ya zama mai faɗin da zai ɗauki ƙafa biyu, ba ya girgiɗi, ba ya zamewa. Bencin zama ya yi tudu da yawa. Daɓen siminti ba ya shan bugu kamar na katako, don haka takalmin motsa jiki mai laushin ƙasa wajibi ne, silifas kuwa sam. Mafari ya soma da santimita 10, minti biyar na ɗumama jiki da tafiya a wuri ɗaya, sannan minti goma na taku mai sauƙi, hannuwa a ƙugu har ƙafa ta saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma ba dole ne duka su fito daga dakali ba. Gauraya shi da tafiya ko keke na ba gaɓoɓi ranakun gyara.

A ƙarshe, a bambanta ciwo biyu. Tsamin tsoka a tsakiyar cinya ko sha-raɓa, wanda ke lafawa cikin 'yan kwanaki, abu ne da aka saba. Zafi mai suka a cikin gaɓar kanta, kumburi, gwiwa ta maƙale ko ta saki mutum, ko zafin diddige a takun farko na safe, waɗannan alamun tsayawa ne. Mai irin su, da mai amosanin gaɓɓai, da mai ƙiba sosai, da mai juna biyu, da wanda aka taɓa yi wa aiki a gwiwa, ya ga likita ko likitan fisiyo kafin ya sake hawa dakali.